Kunnen kare ba injin babur ba ne

Wata uwar gida daga Jos ta rubuto cikin damuwa: ɗan kwikwiyon da yaranta suka shaƙu da shi kullum yana kaɗa kai yana susa, cikin kunnensa kuma da baƙin datti kamar garin kofi. Ko kurma zai zama?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Irin wannan datti yawanci aikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da ke zama cikin ramin kunne, kuma suna jin magani. Amma naman gwari ma yakan yi kama da haka, likitan dabbobi ne zai bambance su. Ki kai shi, in kuma akwai mage a gidan ki haɗa da ita, don suna ɗaukar wa juna.

Wani ɗan makaranta daga Zariya yana son sanin wane tsinken auduga ya fi kyau ya saya don goge kunnen karensa. Babu ko ɗaya. Ramin kunnen kare ya yi gwiwa daga ciki, tsinke sai dai ya ƙara danna dattin. Ka naɗa auduga a yatsa, ka goge iya inda idonka ke gani. Kunnen da ba ya wari kuma bai yi ja ba, ƙyale shi.

Sai wani mafarauci daga Ningi: ƙudaje sun cinye bakin kunnen karensa har yana jini. An ce ya shafa baƙin mai, wani ya ce fiya-fiya. Wanne ya fi?

Haba Malam! Karen da ke shiga daji dominka, shi za ka zuba wa guba a kan gyambo? Fiya-fiya yana ratsa fata ya shiga jini. Kare ya sosa, ya lashi ƙafa, sai dalala da karkarwa, wani ma ya sheƙa. Baƙin mai da kananzir kuwa ƙona naman suke yi. Abin da ke ba ni haushi shi ne, mutum zai biya kuɗin awaki biyu ya sayi kare, amma in an zo magani sai ya nufi mai talla ranar kasuwa, a ɗura masa ruwan da babu suna a tsohuwar kwalba, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, ya yini a rana kan tabarma. In ka tambayi mai sayarwa me ke ciki, sai ya ce na kaska ne, na tsutsa ne, na komai ne. Araha ba ta ado.

Ka wanke gyambon da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka tsane shi, ka shafa basilin da kauri don ƙuda ya rasa wurin sauka. Ka kwashe kashi da ragowar abinci daga inda yake kwana, musamman da damina. Maganin korar ƙuda kuma a shagon magungunan dabbobi za ka nema.

Shi kuma mai tambayar turaren da zai fesa wa kunnen karensa saboda wari: warin nan ciwo ne. Kuɗin turaren ya isa kuɗin mota zuwa asibitin dabbobi.