Tsuntsun teku a tudu: wace karin magana ce ta dace da shi?

Wani mai karatu daga Zariya ya ce ya ji labarin tsuntsayen teku da iska kan yi jifa da su can cikin tudu, yana tambaya ko ya dace a ce musu “tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka”.

Malam, bai dace ba. Wannan karin magana ta wanda ya tono fitina da hannunsa ce, ta dawo kansa. Su kuwa bayin Allah nan ba su ja komai ba. Suna tsakiyar teku suna kiwonsu, iska ta fi ƙarfin fukafukansu ta kwashe su.

A watan Nuwamba na 1932 an tsinci wasu ƙananan tsuntsaye masu baƙi da fari, da ake kira dovekie, a titunan birnin New York. Ba su kai tantabara girma ba, yawancinsu a tsibirin Girinlan, can arewacin duniya, suke ƙyanƙyasa, amma a wannan karo har Florida da Kuba an gan su. Haka a Oktoban 1987, bayan babbar iskar da ta daki kudancin Ingila, masu kallon tsuntsaye sun ga irin na teku a madatsun ruwa na cikin ƙasa. Abin tausayi, da yawa ba sa komawa. Abincinsu na ruwan gishiri ne, ga ƙafafun wasu a can baya suke, tashi daga ƙasa yana yi musu wuya.

Ni da za a bar min zaɓi, sai in ce “iska na wahalar da mai kayan kara”. Mai kayan kara bai yi wa kowa laifi ba. Kayansa ne marasa nauyi masu tare iska, kamar dai fukafuki.

Ya kuma tambaya ko za a kira su baƙi. Shamuwa ce baƙuwa, don da kanta take zuwa gab da damina, ta san gari, gari ya san ta. Waɗannan ɓatattu ne.

Sai kalmar guguwa, da ake kiran irin iskar da ke kwashe tsuntsayen nan. Asalinta iskar nan ce mai juyawa da ƙura da rani. Ta teku mai kwanaki tana ɓarna, gidajen rediyo suka ƙara mata siffa suka ce mahaukaciyar guguwa, kuma sunan ya zauna.