Tsohon injin wanki da na busar da kaya: me za a duba kafin a biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Garwa, mu tara ne a gida, kuma wanki ya fi ƙarfina ni da yarinyar da ke taya ni aiki. Ƙanin maigidana da ke Duwala ya ga injin wanki da injin busar da kaya a wajen masu sayar da gwanjon Turai. Ya ce sun kai shekara goma da ƙerawa amma jikinsu fes, kuma kuɗin duka biyun bai kai na sabon injin wanki guda ba. Shin in ce ya saya? Idan ya saya, yaya zan kula da su don su daɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarata ita ce a sayi injin wankin idan ya ci gwajin da zan bayyana, a bar na busarwar, kuɗinsa kuma a kashe shi wajen gyara wuta da ruwan da injin wankin zai yi aiki da su, domin a shekarun da na yi ina gyaran waɗannan injuna ba tsufa na fi gani yana kashe su ba, rashin daidaiton wuta ne da yashin ruwa.

Abu na farko da ƙanin maigidanki zai duba shi ne takardar da ke manne a bayan injin ko a bakin ƙofarsa. Wutarmu a Kamaru da Cadi volt 220 ce, bugunta 50 a daƙiƙa, saboda haka injin da ya fito daga Faransa, Jamus ko Beljiyam, wanda aka rubuta masa 220 zuwa 240 da 50, zai yi aiki ba matsala. Na Amurka kuwa an yi shi ne don volt 120 da bugu 60, kuma ko an haɗa shi da taransifoma ƙarfin wutar kawai za ta sauya, bugun yana nan yadda yake, sai motar injin ta riƙa juyawa a hankali tana ɗaukar zafi. Irin wannan ko kyauta aka ba ku kada ku ɗora shi a mota.

Kyawun jiki ba ya nuna komai, domin fenti ba ya wanki. Ya buɗe ƙofa ya juya gangar da ake zuba kaya a ciki da hannu. Idan ta juya shiru, madalla. Idan ya ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, boris ɗin da gangar ke juyawa a kansa ya ci. Ya kama leɓen gangar daga sama ya ɗaga ya saki, ya ga ko tana karkaɗawa ita kaɗai ba tare da bahon da ke kewaye da ita ba, sannan ya leƙa ƙarƙashin injin ta baya ya ga ko akwai zanen ruwan tsatsa. Na nanata wannan ne saboda shi ne gyara mafi tsada, kuma a injuna da yawa na shekarun baya-bayan nan bahon roba ne da aka narke aka haɗe, ba a iya buɗe shi a sauya boris kaɗai. Sauran lalurori, irin su bel da ya saki, ko gawayin da ke cikin motar injin da ya cinye, ko robar ƙofa da ta tsage, ko famfon fitar da ruwa, duk masu sauƙi ne muddin ana samun kayansu, shi ya sa ya kamata ku tambayi mai gyara a Garwa irin injunan da yake samun kayan gyaransu kafin ku ruɗu da babban suna. Bayan haka mai sayarwa ya haɗa ruwa da wuta, a tsaya a kan injin ya cika, ya juya hagu da dama, ya zubar da ruwa, ya matse da cikakken gudu. Wanda ya ce ba shi da wurin gwaji ya san abin da yake ɓoyewa. Idan aka sami zaɓi tsakanin mai maɓallin murɗawa da mai allon lambobi, ni na fi son na murɗawa, domin ƙwaƙwalwar lantarkinsa kaɗan ce, abin da wuta za ta ƙona bai da yawa.

Akwai kuma maganar hanya. Injin mai ƙofa a gaba yakan kai kilo 60 zuwa 80, domin akwai tubalan siminti a jikin bahonsa da ke hana shi tsalle, bahon kuma a rataye yake a kan sifirin. Daga masana'anta ana ɗaure shi ta baya da kusoshi uku ko huɗu, amma gwanjo da wuya ya zo da su. Tafiya daga Duwala zuwa Ngaundare, sannan a gangara Garwa kilomita sama da 250 a mota, ta isa ta karya abin da ya taso lafiya. Idan babu kusoshin, a cire murfin sama a cusa katifar soso ko tsofaffin barguna a kewayen bahon, a ɗauko shi a tsaye, kuma a tuna a cire duk abin da aka cusa kafin a kunna.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce a bar na busarwa. An ƙera shi ne don ƙasashen da rana ke ɓuya wata da watanni, alhali a Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, zanen da injin wanki ya matse yakan bushe a igiya kafin a gama girkin rana. Tsakiyar damina ce kawai, musamman Agusta, za ki iya jin buƙatarsa, ita ma igiya a ƙarƙashin rumfa ta wadatar. Yana jan wat 2,000 zuwa 3,000 na tsawon awa guda ko fiye a kowane zubi, zafinsa yana tsuke kayan auduga, shadda mai sitati da riga mai aiki kuwa ba su da abin yi a cikinsa. Idan duk da haka kina so, to ku sani cewa a shekarar 2015 kamfanin Whirlpool ya sanar da cewa wasu injunan busarwa masu sunan Hotpoint, Indesit da Creda, waɗanda aka ƙera daga Afrilun 2004 zuwa Satumban 2015, suna iya kamawa da wuta idan burbushin zare ya taɓa abin dumama iska, kuma a 2019 aka yi kiran a mayar da waɗanda ba a gyara ba a Birtaniya. Shekarun da kika ambata suna iya faɗawa cikin wannan zango, don haka a duba sunan da kyau. Kowane iri ne ma, dole a share ragar da ke tare burbushin bayan kowane amfani, idan mai bututun iska ne a fitar da bututun waje, kuma kada a bar shi yana aiki mutane suna barci.

Idan injin wankin ya iso, a ba shi soket nasa shi kaɗai da waya mai kaurin milimita 2.5, ba irin doguwar wayar da ake jona firji da talabijin a kai ba, domin lokacin da yake dumama ruwa yana jan wajen wat 2,000, kusan amfiya 10 ke nan. Dole mai aikin lantarki ya yi masa wayar ƙasa ta gaskiya, mai sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, saboda ƙarfe ne da ruwa da mutum mai jiƙaƙƙen hannu. Wutar arewa ta dogara sosai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwanta ya ja baya da rani ɗaukewar wuta takan yawaita. Lokacin da take dawowa shi ne mafi haɗari ga injin. A sayi na'urar daidaita wuta, wadda muke kira regilata, mai ƙarfi sama da abin da injin ke ja, kuma da zarar an ɗauke wuta a zare fulogi. Yawancin wankin gida ma ba ya buƙatar ruwan zafi, kuma wanki da ruwan sanyi yana rage kuɗin wuta ƙwarai.

Ruwa shi ma yana da sharaɗi. Yawancin waɗannan injuna suna son matsin ruwa da bai gaza na tankin da ke sama da su da mita 5 ba, wasu ma sai 10, in ba haka ba su daɗe suna cika har su tsaya da kansu. Idan tankinku a ƙasa yake, ƙaramin famfon ƙara matsi zai magance. Kowane wanki zai sha lita 50 ko sama da haka. Idan ruwan rijiyar burtsatse ne, a sa matata a bututu kafin injin, kuma duk wata a kwance tiyo a wanke 'yar ragar da ke bakin shigar ruwa, a buɗe ƙaramin murfin da ke ƙasa ta gaba a fitar da abin da ya taru. A nan nake samun tsabar sefa, da allurar ɗankwali, da ƙwallon dabino daga aljihun yara.

Kuskuren da na fi gani a gidaje shi ne zuba garin sabulun wankin hannu. Kumfarsa ta yi wa injin mai ƙofa a gaba yawa, tana hana shi ɗauraya da matsewa, tana kuma malalowa kan wayoyi. A nemi wanda aka rubuta na inji ne, a zuba kaɗan. Kada a danna kaya har ganga ta toshe, a bar sararin tafin hannu a sama, kayan yara masu ƙasa kuma a kakkaɓe su tukuna. A ajiye injin a kan daɓen siminti mai daidai, a inuwa, a bar ƙofarsa a buɗe bayan wanki don robar ta bushe, a lulluɓe shi da zane lokacin hunturu saboda ƙura. Ƙasansa a buɗe yake, ɓeraye kuma suna son cin wayoyinsa, don haka a sa kafinta ya rufe wajen da ragar ƙarfe tun ranar da aka kafa shi.