Filin Tambaya da Amsa: Na Daina Shafa Mai, Fuskata Ta Rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara uku ke nan ina shafa man haɗi na ƙara haske, tun daga gyaran jikin aurena. Da na daina na sati biyu sai fuskata ta yi jajur, ƙuraje suka feso, daga baya ta fi da duhu. Ko biki na daina zuwa, in baƙi suka yi sallama sai in shige ɗaki, yini nake gaban madubi. Dole na koma shafawa. Ina mafita? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa. Abin da kika gani ba asalin fatarki ba ne ya lalace, aikin maganin da ke cikin man ne. Yawancin man haɗi na ɗauke da sitiroyid (maganin rage kumburi da ƙaiƙayi) mai ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone. Shi ke tsuke ƙananan jijiyoyin jinin fata, ya sa a ga haske cikin 'yan kwanaki. Idan fata ta saba sannan aka yanke shi lokaci guda, sai jijiyoyin su buɗe, ga ja, ga zafi, ga ƙaiƙayi. Nan mace ke firgita ta koma, fatar kuma ta ci gaba da sirancewa har nankarwa ta fito, korayen jijiyoyi su bayyana a cinya da damtse.

Akwai kuma hydroquinone, sinadarin ƙara hasken fata da ake sawa a irin wannan man, wanda in an daɗe ana shafawa ana shiga rana yakan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Mafi muni shi ne makuri, wato zaiba: yana lalata ƙoda, yana ratsawa zuwa ga jariri ta ciki da ta nono, kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa, ya kawo rashin barci, saurin fushi da mantuwa. Wato wani ɓangare na ƙuncin da kike ji zai iya fitowa daga cikin robar man kanta. Ba a banza hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023 ba.

Kada ki sake yankewa da kanki. Ki tattara duk robobin, har wadda ba ta da rubutu, ki kai wa likitan fata, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zai sauya miki da man da bai kai shi ƙarfi ba, ya riƙa rage kwanakin shafawa a hankali. In duk jiki kike shafawa, a duba jini, suga, hawan jini da fitsari. A gida kuwa sabulu mai laushi, man kaɗanya zalla a jiki, da man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama kowace safiya. Ban da dilka da goge-goge har sai fatar ta warke. Ki sa a ranki aikin watanni ne, kuma za ki yi duhu kafin launinki ya daidaita.

Batun madubin ya fi damun mu. Idan tunanin wani aibu a jiki na cinye fiye da awa guda kullum, har ya hana mutum shiga jama'a, larura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma tana da magani. Ki taƙaita duba madubi zuwa safe da yamma, minti biyar, daga nesa, ba ki manna fuska kina ƙirga ƙuraje ba. Ki fara fita kaɗan-kaɗan: gidan maƙwabciya, sannan Islamiyya, sannan taro. Ɓuya na kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma tana ƙara wa tsoron ƙarfi. Ki rage kallon hotunan TikTok da aka wanke da filta. Ki zaunar da maigida ki gaya masa abin da zai gani a watannin nan, don gori ɗaya daga gare shi ya isa ya mayar da ke ga shafa man. In baƙin ciki, rashin barci ko rashin cin abinci suka wuce sati biyu, ko kika ji rayuwar ta ishe ki, ki ga likita nan take.

Tambaya: Likita, bikina saura wata biyu, dangin ango na cewa na cika rama. Ƙawata ta ba ni "sha ka fashe". In sha? Daga wata budurwa a Maraɗi.

Amsa: A'a ƙanwata. Galibi dexamethasone ne, shi ma sitiroyid ne. Kumburi yake kawowa, ba cikar jiki ba: fuska ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da ƙeya, ƙafafu da hannuwa su sirance, ga haɗarin ciwon suga, gyambon ciki da rikicewar al'ada. In kin riga kin sha fiye da sati uku, kada ki tsaya farat ɗaya, likita ne zai rage miki. Ki ƙara abinci tsakanin manyan abinci uku: fura da nono, kunun gyaɗa, ƙwai, dabino. In kuma ramar sabuwa ce, tare da tari, zazzaɓi ko faɗuwar gaba, a fara binciken dalilinta a asibiti.