Macen sauro ce ke cizo: tambayoyinku da amsoshin likita

Tambaya: Likita, wai da gaske ne namijin sauro ba ya cizo? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Da gaske ne. Ruwan zaƙin furanni yake sha, bakinsa ma ba ya iya huda fata. Macen ita ma tana shan wannan ruwa, amma ƙwan cikinta ba ya ƙosawa sai ta samu jini.

Tambaya: To kuɗin cizo fa, shi ma macen ce kawai?

Amsa: A'a, wannan da macen da namijin duk jini suke sha. Haka ƙudan tsando.

Tambaya: Sauro na iya ɗauko cutar ƙanjamau daga wani ya sa mini?

Amsa: Ba ya iyawa. Yawunsa yake zuba maka, jinin da ya sha kuwa narkewa yake yi a cikinsa.

Tambaya: Likita, matata na da ciki wata biyar, ta ƙi shiga gidan sauro saboda zafi. Kullum dare ina yayyafa fiya-fiya a ɗaki, da safe mu share sauro tuli. Duk da haka ɗanmu mai shekara 3 ya yi zazzaɓi har da taune-taune. Kakarsa ta ce dukan ruwan sama ne, ta yi masa turare. Me ya kamata in ƙara? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, kafin komai, idan ba a kai yaron nan asibiti ba, a kai shi yau. Zazzaɓi da taune-taune ba abin jiran wayewar gari ba ne. Allah ya saka wa Baba da alheri, nufinta mai kyau ne, amma turare ba ya taɓa ƙwayar cutar da ke cikin jini. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa komai yana cikin wannan hali. A kwantar da shi ta gefe, a nemi abin hawa.

Sai fiya-fiya. Na gaji da magana a kansa. Gubar kashe ƙwarin gona ce ake tsiyayawa a kwalabe ba ko takarda, ka zuba a ɗakin da mai ciki da ƙaramin yaro za su kwana suna shaƙa. Na ga yaran da aka kawo suna dalalar da yawu, numfashi na sarƙewa, wani ma kwalbar ya tsinta ya kurɓa. Don Allah ka fitar da ita daga gidan.

Tulin sauron da kake sharewa shi ne ya yaudare ka. A cikinsu akwai maza da ba sa cizo, akwai sauron kwata mai yawan kuka a kunne wanda ba ya ɗaukar maleriya. Wadda ke ɗauka ita ce macen sauron Anofilis, kuma ba kowacce ba. Namijin kwanansa bai cika wuce mako guda ba. Macen takan yi mako biyu, wata ta kai wata guda, tana shan jini duk bayan kwana biyu ko uku, tana saka ƙwai 50 zuwa 200 a ruwan da ya kwanta. Idan ta sha jinin mai cutar, ƙwayar na buƙatar kwana 10 ko fiye a jikinta kafin ta isa yawunta. Ke nan tsohuwar macen ce mai kisa, kuma tsakar dare take zuwa, lokacin da kowa ya yi barci, ƙarfin abin da ka yayyafa ya ragu, an buɗe taga saboda zafi.

Gidan sauro mai magani ita yake jira. Warin jikinku ya jawo ta, ta sauka a kansa, ta mutu kafin ta tsufa. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a ɗaura, zafin fuskar da ake kuka da shi zai ragu. Ruwan sama kuma laifinsa ɗaya, yana bar wa macen kududdufin da za ta saka ƙwai.

Uwargida ta fi kowa buƙatar gidan sauro. Wani bincike da aka yi a Gambiya a 2000 ya nuna mai ciki na jawo sauro ninki biyu na wadda ba ta da ciki. Maleriya kan ƙarar mata da jini, ta sa a haifi jariri ƙarami. Ta riƙa zuwa awo, ta karɓi maganin rigakafin da ake bayarwa can. Idan masu rabon maganin damina na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 suka zo, ka buɗe musu ƙofa. Yaron dai, ina sake faɗa, asibiti yau.

Tambaya: Idan na ji zazzaɓi in sayi maganin maleriya a kemis kawai? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, a fara gwada jini, minti 20 ya isa. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Idan akwai amai ba tsayawa ko fita hayyaci, a wuce asibiti kai tsaye.