Amsa: D da E a wasan siririn katako

Malam, ka tambayi ma'anar haruffan D da E da ka gani gefen maki lokacin da kuke kallon jimnastik a gidan kallo a Ringim, da kuma ko ɗalibanka za su iya gwadawa.

Katakon da 'yan matan ke hawa tsawonsa mita 5 ne, tsayinsa daga ƙasa santimita 125, faɗinsa kuwa santimita 10 kacal, kusan tafin hannunka. A kansa ake tsalle da juyi da alkafura, cikin daƙiƙa 90 ko ƙasa da haka. Mata kaɗai ke gasarsa.

D makin wahala ne. Alƙalai na tara darajar motsi takwas mafi wuya, har da saukar ƙarshe, kuma ba shi da iyaka. E kuwa na tsabtar aiki ne: daga 10 ake farawa, a riƙa ragewa in 'yar wasa ta yi tangal-tangal, ko ta lanƙwasa gwiwa, ko ta ƙara taku wajen sauka. Faɗuwa na cin maki 1 cur, kuma daƙiƙa 10 take da su ta koma sama. Tun 2006 ake haɗa biyun, shi ya sa a gasar ƙasa da ƙasa ba a ƙara ganin irin cikakken 10 da Nadia Comaneci, 'yar wasan ƙasar Romania, ta samu a gasar Olympics ta Montreal a 1976 ba.

Batun ɗalibai, don Allah kada a ɗora katako kan bulo, karaya ba wasa ba ce. Ka ja layi a rairayi, su koyi tafiya a kai da tsayawa da ƙafa ɗaya tukuna.