Tinto Brass kafin fina-finan tsiraici

Malam, ka tambaya ko Tinto Brass, daraktan fim ɗan Italiya, bai taɓa yin komai ba sai fina-finan tsiraici. Ya yi mana. Nemi fim ɗinsa Col cuore in gola na 1967. Irin fina-finan kisa ne da Italiyawa ke kira giallo, wato rawaya, saboda launin bangon littattafan bincike na kamfanin Mondadori. A Landan aka ɗauke shi. A cikin fim ɗin, jarumi Jean-Louis Trintignant ya tarar da gawar mai gidan rawa, ga jaruma Ewa Aulin tsaye a gefe, sai ya gudu da ita maimakon ya kira 'yan sanda.

Abin da ya burge ni shi ne yadda hoton ke rabuwa gida-gida kamar littafin zane, aikin mai zane Guido Crepax. Amma kada ka kalla da yara.