Kafin ka goge Windows 7, duba inda fayilolin tashi suke

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka: kana da Windows 7 da Windows 10 a faifai ɗaya, ka daɗe ba ka shiga ta 7 ba, sarari ya yi maka kaɗan, kana so ka yi wa ɓangarenta fomat ka huta. Shawarar raba hanya da ita daidai ce, tunda Microsoft ta daina aiko mata da gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020. Amma don Allah kada ka taɓa fomat tukuna.

Ni na taɓa yin wannan aikin da gaggawa. Na shiga Disk Management, wato manhajar Windows mai nuna ɓangarorin faifai, zan goge ɓangaren tsohuwar, sai na tarar wurin gogewar ya dushe, ba ya dannuwa. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalili, sai na ɗauko filas mai ɗauke da GParted, wata manhajar yanka faifai da gogewa, na goge shi da ƙarfin tsiya. Ina sake kunnawa, baƙin allo ne ya tare ni, babu 7 babu 10. Garin neman gira na rasa ido. Ashe Windows ɗin ba taurin kai take yi ba, kare ni take yi.

Ga abin da ke faruwa. In ka ɗora sabuwar Windows a kan kwamfutar da ke da tsohuwa, sabuwar ba ta gina wa kanta ƙofa daban. Inda ta tarar da fayilolin tashi na tsohuwar (fayilolin da ke tayar da Windows in an kunna kwamfuta), nan take zuba nata, wato bootmgr da rumbun BCD mai ɗauke da jerin da kake gani yayin kunnawa. Ɗaki biyu ne, ƙofa ɗaya. In ƙofar tana jikin ɗakin da za ka rushe, ɗayan ɗakin yana nan lafiya da kayansa, amma ba hanyar shiga.

Saboda haka abin farko, ka shiga Windows 10, ka buɗe Disk Management, ka karanta kalmomin da ke jikin kowane ɓangare. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin sunayen a juye suke. Wanda aka rubuta wa Boot shi ne inda Windows ɗin da kake ciki yanzu take zaune. Wanda aka rubuta wa System kuwa shi ne mai fayilolin tashi. System ɗin za ka nema.

In ka same shi a wani ɗan ƙaramin ɓangare na daban, ka yi sa'a. Ko dai System Reserved ne, wanda Windows 7 ke yanka masa megabait 100, ko kuma ɓangaren EFI idan kwamfutarka sabon tsarin tashi na UEFI take amfani da shi, ba tsohon tsarin Legacy ba (rubuta msinfo32 ka duba layin BIOS Mode, zai nuna maka Legacy ko UEFI). Wannan ɗan ɓangaren ka bar shi yadda yake. Na san yana tsone ido, musamman da yake tsohuwar ce ta ƙirƙire shi, amma megabait 100 ba abin da zai ƙara maka. Sai ka buɗe msconfig, ka je shafin Boot, ka mayar da Windows 10 ta zama ta farko, ka share layin Windows 7. Shi ke nan.

Aikin yana nan ne idan System yana jikin ɓangaren Windows 7 kansa, kamar yadda nawa ya kasance. Sai ka gina wa Windows 10 tata ƙofar kafin ka rushe waccan. Buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa (Run as administrator), ka rubuta:

bcdboot C:\Windows /s C:

Wannan zai kwafi fayilolin tashi zuwa C, wato ɓangaren Windows 10. Daga nan ka koma Disk Management, ka danna C da maɓallin dama, ka zaɓi Mark Partition as Active. Ka lura, wannan matakin na Legacy ne kawai, masu faifan MBR, wato tsohon tsarin raba faifai. Kuma dole C ya zama Primary. In ka ga Logical Drive a jikinsa, ba zai karɓi Active ba, kada ka ci gaba, dawo mu yi magana. Idan komai ya tafi daidai, da ka sake kunnawa za ta wuce kai tsaye zuwa Windows 10, kuma kalmar System za ta koma jikin C.

Kafin duk wannan, ka haɗa filas na girka Windows 10, gigabait 8 ya isa, kuma ka gwada ka ga kwamfutar tana tashi da shi. Shi ya cece ni ranar nan, da Startup Repair da na maimaita har sai da ta farfaɗo. In kana da BitLocker, mai kulle faifai, a kunne, ka rubuta lambar nan mai alƙaluma 48 a takarda, domin taɓa hanyar tashi kan sa ta neme ta.

Kayanka da ke cikin tsohuwar kuma fa? Kowa yana tuna Documents da Pictures. Abin da ake mantawa shi ne Desktop, da Downloads, da kalmomin sirri da ke ajiye a burauza, da lambobin lasisin manhajojin da ka saya. Kalmomin sirrin nan galibi kwafe folda ba ya kawo su, sai ka shiga Windows 7 ka fitar da su daga cikin burauzar, don haka ka yi tun kafin ka share layinta. Ni yanzu ɗabi'ata, bayan na gama sauya hanyar tashi, sai in bar ɓangaren mako guda ban goge ba. Kusan kullum sai na tuna da wani abu.

Saura maganar sararin. Kada ka sa rai za ka haɗe shi da C cikin sauƙi. Extend Volume yana aiki ne kawai in filin da babu komai yana manne da ɓangaren ta hannun dama, ita kuwa tsohuwar Windows galibi a hagu take, tunda ita aka fara sawa. GParted yana iya janyo C baya, amma aiki ne mai cin lokaci, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya kana iya rasa komai. A ganina bai cancanci kasadar ba. Yi masa fomat na NTFS, ka ba shi harafin D, ka kwashe bidiyoyi da hotuna ka zuba can, C zai numfasa.

Ɗauko hoton Disk Management ɗinka ka turo, ka ja layin Status ya buɗe sosai yadda kalmomin za su fito duka, sai in gaya maka wanne daga cikin hanyoyin biyu ne naka.